Ra'ayi: Tallafin inshorar lafiya a Amurka ba kyauta ba ne, lissafinsa na jiran baƙo a watan Afrilu

Daga ƙarshen watan Janairu zuwa 15 ga Afrilu lokacin cika takardar haraji ne a Amurka. A birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suka daɗe da yin zango, da unguwannin Bronx da Harlem na New York, a wannan tsakanin ne mutane ke sa ran gwamnati za ta maido musu da rarar abin da aka yanka a albashinsu. Wasu tun kuɗin ba su shigo ba an riga an yi musu gida: kwanon rufin ɗaki a Maraɗi, kuɗin lakwal na ƙanne a Damagaram, cikon sadaki a Tawa. Sai mai cika takardu ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce babu abin da za a maido, hasali ma hukumar haraji ce ke bin bashi. Idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar tushen bashin wata inshorar lafiya ce da aka ce wa mutum kyauta ce, ko kuma dala 10 kawai a wata.

Ba kyauta ba ce. Kuɗi ne gwamnati ke ba mutum tun kafin a san ko haƙƙinsa ne, bisa abin da shi da kansa ya ce zai samu a shekara, sannan a zauna a yi lissafi daga baya. Sabon zuwa da bai gane wannan ba, ko ya bar wani ya cika masa takarda bai karanta ba, shi ne zai biya, ba wanda ya cika ba.

Ba laifin baƙon ba ne da bai yi tsammanin haka ba. A Nijar lafiya da lanho ba su haɗa hanya ba. Marar lafiya ya je likita, ya biya, a rubuta masa takardar magani ya nufi farmasi. Asirans kuwa, abin da akasarin jama'a suka sani shi ne na mota da babur, wanda ake nuna wa jandarma a kan hanya. Ma'aikaci ana yanke masa haraji a albashi, ɗan kasuwa ya biya patanti, shi ke nan. Babu wanda ya taɓa zama a ƙarshen shekara ya haɗa takardar asibiti da ta haraji. A Amurka kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ƙasar ba ta da inshorar gwamnati da ta rufe kowa. Akwai Medicare na waɗanda suka kai shekara 65, akwai Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai wata doka ta 1996 ta ce mai katin zama na dindindin, wato girin kad, sai ya shekara 5 kafin ya shiga Medicaid da kuɗin gwamnatin tarayya. Wasu jihohi, irin su New York, suna rufe wannan giɓi da kuɗinsu, amma yawanci ba su yi wa baligai haka. Saboda haka wanda ya sauka da bizar caca ko ta iyali hanya biyu ce a gabansa, dukansu na kamfanoni masu zaman kansu: ko inshorar wurin aiki, ko wadda zai saya da kansa.

Ta wurin aiki ita ce mai sauƙin lissafi. Kamfani na biyan kaso, ana cire sauran a albashi kafin a lissafa haraji, ma'ana ba a biyan haraji a kan wannan kuɗin. Doka ta yarda a sa sabon ma'aikaci jira, amma kada ya wuce kwana 90. Abin lura ɗaya ne: wanda wurin aikinsa ya yi masa tayin inshora mai sauƙin kuɗi bisa ma'aunin gwamnati, ba shi da haƙƙin tallafi a waje. Idan ya ƙi ta, ya je ya karɓi tallafi ba tare da ya faɗi gaskiyar tayin ba, ana iya cewa ya maido.

Matsalar tana can a hanya ta biyu. Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta buɗe kasuwar inshora a intanet, HealthCare.gov, wasu jihohi kuma suna da tasu. Ana buɗe rajista ranar 1 ga Nuwamba kowace shekara, amma wanda ya shigo ƙasar sabo yana da kwana 60 na musamman. A wurin rajista ana tambayarsa nawa yake sa ran samu a shekarar, da mutum nawa ne a gidansa. A kan amsar nan ake yanke tallafi, kuma ba hannunsa kuɗin ke shiga ba. Gwamnati ce ke tura su kai tsaye ga kamfanin inshora kowane wata. Shi ya sa mutum ke ganin kamar bai karɓi komai ba. A farkon shekara mai zuwa za a aiko masa da takarda mai lamba 1095-A, wadda ke nuna kowace dala da aka biya da sunansa. Da ita ake cika wata mai lamba 8962, a kwatanta abin da aka ba shi da abin da ya cancanta bisa ainihin abin da ya samu.

A ɗauki misali. Matashi ya iso cikin watan Disamba, ya samu aikin ɗaukar kaya a wani babban sito, aka rubuta masa cewa zai samu dala 25,000 a shekara, aka ba shi tallafin dala 400 a wata. Da ya waye da gari, ya ƙara da tuƙin Uber da dare da ƙarshen mako, abin da kusan kowane mai zuciyar nema zai yi. Shekara ta ƙare ya samu 45,000. A ce lissafi ya nuna haƙƙinsa 200 ne a wata: bambancin dala 2,400 ke nan, kuma bashi ne. A nan ya kamata mutanen gida su tuna cewa ba dalar kasuwar Maraɗi ta sefa biyar ake nufi ba. Dala 2,400 ta Amurka ta haura sefa miliyan ɗaya. Ko ƙafarsa ba ta taka asibiti sau ɗaya ba a shekarar, bashin na nan, don an biya kamfani kuɗin ko ya yi ciwo ko bai yi ba.

Da can akwai sassauci. Har zuwa harajin 2025, doka ta sa iyaka ga abin da mai ƙaramin ƙarfi zai maido. Gwauro da samunsa bai kai ninki biyu na ma'aunin talauci ba, dala 375 ce iyakarsa komai yawan rarar da aka ba shi. Babbar dokar haraji da shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta cire wannan iyaka daga harajin 2026. Duk abin da ya haura haƙƙin mutum, gaba ɗaya zai maido. Tsoffin zuwa da suka saba cewa "ka rubuta kaɗan, in an kama ɗan abu ne za ka biya" suna ba da shawarar zamanin da ya wuce, kuma ƙanen da ya bi ta shi zai ji a jikinsa.

Dokar ta taɓa baƙi ta wasu wurare biyu. Daga 2026, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida amma samunsa bai kai ma'aunin talauci ba, kuma shekarun jiran Medicaid ba su cika masa ba, ya rasa tallafin da a da yake samu. Ma'aunin da ake aiki da shi a inshorar 2026 dala 15,650 ne ga mutum ɗaya. Daga 2027 kuma, za a taƙaita tallafin ga masu girin kad da wasu rukunoni kaɗan. Ƴan gudun hijira da masu mafakar siyasa da ba su kai ga katin ba za su fita. Wannan tsari ne marar tausayi, babu wata hanyar faɗinsa. Mutumin da ya fi kowa talauci, wanda ya shigo ta ƙofa ba ta katanga ba, shi aka hana Medicaid don sabo ne, aka kuma hana shi tallafi don talaka ne. Amma fushi da doka ba ya biyan bashi, kuma irin wannan matsi ne ke tura mutane hannun dillalin da zai ce bari a ƙara adadin samun a takarda don a kai ma'aunin. Takardar rajista ana sa mata hannu ne a matsayin rantsuwa. Mai suna a kai shi ya rantse.

Akwai kuma rami a ɗaya gefen. Ƙarin tallafin da aka yi a 2021 lokacin korona, wa'adinsa ƙarshen 2025 ne. A ƙa'idar asali, wanda samunsa ya haura ninki huɗu na ma'aunin talauci, wato dala 62,600 ga mutum ɗaya a 2026, ba shi da haƙƙin komai. Direban babbar mota da ya haura da dala 100 kacal yana iya maido da tallafin shekara sukutum.

Tarkon da ya fi kama ƴan Nijar, wanda kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne na aure. Magidanta da yawa suna can su kaɗai, iyali na gida. A dokar harajin Amurka mai aure mai aure ne ko matarsa na Yamai ko Dakoro. Kuma ƙa'ida ta ce ma'aurata sai sun cika takardar haraji tare kafin su cancanci tallafin inshora. Wanda ya cika a matsayin mai aure amma shi kaɗai, ya rasa tallafin, abin da aka riga aka biya masa kuma ya zama bashi. Ƴan hanyoyin fita kaɗan ne, kamar wanda ke riƙe da ɗansa a gidansa a can har ya cancanci matsayin shugaban gida. Ga sauran, doka ta ba da zaɓi: miji da mata su rubuta cewa sun yarda a ɗauki matar a matsayin mazauniyar Amurka ta fuskar haraji, a nema mata lambar haraji da ake kira ITIN, su cika tare. Wannan na nufin a bayyana abin da ita ma take samu a Nijar, kuma neman lambar na buƙatar fasfo ko wasu takardun shaida, yana ɗaukar makonni. Aiki ne, amma hanya ce ta halal.

Abin da wasu masu cika takardu ke yi shi ne su rubuta mutum gwauro, magana ta ƙare. A shekarar kam ta ƙare. Ranar da ya tashi ɗauko matarsa, cikin takardun da hukumar shige da fice ke nema daga mai ɗaukar nauyi akwai ta haraji. Ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa ma ana duba harkar harajinsa. Sai ga takardar ɗaurin aure ta mairi tana cewa ya yi aure tun 2021, ga takardun haraji na shekaru uku suna cewa bai taɓa aure ba. Wanda ya rubuta masa ya karɓi ladansa tuntuni.

Haka zancen ƴaƴa. Ana tambayar yawan mutanen gida, mutum ya lissafa ƴaƴansa huɗu da tsohuwarsa, kuma gaskiya ya faɗa, shi ke ciyar da su. Amma hukumar haraji ba ta ƙirga wanda ke zaune a Nijar, sai idan ɗan ƙasar Amurka ne. Gida mai mutum shida a takardar rajista ya koma mai mutum ɗaya a takardar haraji, tallafi ya ragu ƙwarai, bambancin ya hau kan mai gida. Kuɗin da ake aikawa gida kowane wata ma ba a rage su daga abin da ake biya wa haraji, komai yawansu.

Dillalan inshora ba duka ne macuta ba, kuma amfani da su ba ya ƙara wa mai saye kuɗi. Sai dai ya kamata a san wa ke biyansu: kamfanin inshora ne, bisa kowane mutum da suka shigar. Dillalin da ke son cika adadi yana da dalilin rubuta samun da zai sa inshora ta fito ba ko sisi a wata. A 2024 hukumar tarayya da ke kula da kasuwar ta dakatar da ɗaruruwan dillalai saboda shigar da mutane ko sauya musu inshora ba da saninsu ba. Tallan da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana alkawarin katin kuɗi ko kyautar dubban daloli ga wanda ya ba da sunansa da ranar haihuwarsa, sau da yawa ƙofar wannan aika-aika ce. Kuma kasancewar dillali yana jin Hausa ko Zabarmanci, ko masallaci ɗaya ake sallah da shi, bai canza wanda zai amsa tambayar hukuma ba.

Mai karatu zai iya cewa, tunda abin haka yake, a bar inshorar mana. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Tun 2019 gwamnatin tarayya ba ta cin tarar wanda ba shi da inshora. Saurayi mai shekara 27 da bai taɓa kwanciya asibiti ba, ga iyaye na jiran aike, yana ganin dala 150 a wata asara ce. Amsa ta farko ita ce tarar ba ta mutu ko'ina ba: Kalifoniya, Massachusetts, New Jersey, Rhode Island da birnin Washington suna cin tasu, kuma a takardar harajin jiha ake cire ta. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Dokar 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba duk wanda aka kawo har ya fita daga haɗari, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Ba ta ce kyauta ba. Takardar bashi na biyo mutum gida, kuma tiyata ɗaya da kwana biyu a gado kan kai dubban daloli masu yawa. Inshorar da ta cika ƙa'idar dokar 2010 tana da rufi: a 2025, mutum ɗaya ba ya biyan fiye da dala 9,200 daga aljihunsa a shekara kan jinyar da aka yi a asibitocin da kamfanin ya amince da su. Marar inshora ba shi da rufi. Aikin da sabbin zuwa ke samu kuwa, sito, gini, tuƙin dare, kai abinci a kan keke cikin dusar ƙanƙara, ba aikin da mutum zai yi alfahari da lafiyarsa ba ne.

Don haka mafita ba gudu ba ce, riƙe lissafi ne da hannun kai. Doka ta ba mutum damar ya karɓi rabin tallafin kawai a wata, ko ya ƙi karɓa sam, ya jira lokacin haraji a ba shi haƙƙinsa a dunƙule. Ga mai samun da ke hawa da sauka, wannan ya fi kwanciyar hankali. Ana kuma son a sanar da kasuwar cikin kwana 30 idan samu ya canza, ko an sauya aiki, ko an yi aure. Minti kaɗan ne a waya, kuma tallafin zai daidaita tun bashi bai taru ba. Mai aikin kansa, kamar direban Uber ko mai kitso, abin da ake ƙirga masa shi ne ribar da ta rage bayan an cire kuɗin aiki, saboda haka rubuta tafiyar mota da rasit ba ɓata lokaci ba ne. Yana kuma iya rage kuɗin inshorar da ya biya daga aljihunsa a lissafin haraji, ko da yake akwai harajin aikin kai na kashi 15.3 cikin ɗari da ke jiransa daban.

Wajen zaɓe ma arha na yaudara. An kasa inshorar zuwa ta tagulla, ta azurfa, ta zinariya da ta sama da su. Ta tagulla ce mafi sauƙin kuɗin wata, amma mutum zai biya dubban daloli da kansa kafin kamfani ya fara sa hannu a yawancin jinya. Wanda samunsa bai haura ninki biyu da rabi na ma'aunin talauci ba yana da rangwame na musamman kan wannan kaso, amma a ta azurfa kaɗai. Inshorar tafiya da ake saya don biza, da ta gajeren lokaci da ake tallatawa a waya, ba su cikin wannan tsari: ba su da tallafi, kuma suna iya ƙin biyan ciwon da mutum ya zo da shi, kamar hawan jini ko sikila.

Nan ne ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna Amurka ke da aikin da ba su ɗauka da muhimmanci ba. Sun ƙware wajen haɗa kuɗin kai gawa gida, kuma wannan abin yabo ne. Amma zama biyu a shekara, ɗaya a Nuwamba lokacin rajista, ɗaya a Fabrairu lokacin haraji, da Hausa da Zabarmanci, tare da wanda ya san dokar, zai hana asarar da ta fi kuɗin jirgin gawa. Ba sai an kashe kuɗi ba. Hukumar haraji ta IRS tana da shirin VITA, inda masu aikin sa kai da aka horar ke cika wa masu ƙaramin ƙarfi takarda kyauta. Akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da ke karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, ga wanda doka ta bari a tsakiya. Mai cika takarda don kuɗi kuma dole ne ya sa hannu ya rubuta lambar rajistarsa. Wanda ya ƙi sa sunansa a aikin da ya yi, ya san abin da ya rubuta.

Iyalai a gida su ma suna da nasu. Kiran waya na watan Maris, "an ce an fara ba ku kuɗin gwamnati", shi ke sa wasu neman mai cika takardar da zai fito da adadi mafi tsoka ko ta halin ƙaƙa. Ɗan da ya ce bana babu rara, ba lallai ne rowa yake yi ba.

Takardar 1095-A kan iso ne daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, a adireshin da aka bayar ranar rajista. Sabbin zuwa kuwa kan sauya ɗaki sau biyu ko uku a shekarar farko, sai ambulan ya faɗa akwatin gidan da aka bari. Ana iya sauke ta daga asusun mutum na kasuwar inshora, in dai shi ke riƙe da kalmar sirrin ba dillali ba. Idan aka tura takardar haraji ta intanet babu 8962, alhali an biya tallafi da sunan mutum, na'urar IRS kan maido da ita nan take. Wasu a ranar ne suke fara jin cewa suna da inshora.